Tambayar da Na Ƙara a Shafin Malam

Maigidana mai lambu ne, amma ba na tumatur da albasa ba. Dashen itatuwa yake reno a fadamar Birchi, mangwaro da gwaiba da lemu, yana yi masu aure. Sai ya yanko reshen itace mai daɗin 'ya'ya, ya tsaga ƙaramin dashe ya soka, ya naɗe da leda har su kama juna su zama abu guda. A Dutsin-Ma muke zaune. Kullum da safe ya hau babur ya bi hanyar Kurfi, sai la'asar sakaliya ya dawo da taɓo har gwiwa. Ni kuwa a wani shagon kwamfuta nake aiki kusa da jami'a, ina buga wa ɗalibai takardunsu, ina fama da rubutun da ko mai shi ba ya iya karantawa. Malam nake ce mashi tun ranar da aka kai ni gidansa, don haka a nan ma Malam zan ce.

Hannun Malam na da albarka, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Abin da babu shi ne kasuwa. Masu saye ba su wuce mutanen Kurfi da Barkiya da ƙauyukan kusa ba, su ma sai damina ta kama. Dashe ya yi ta girma cikin baƙar leda har saiwa ta huda ta shiga ƙasa, a ƙarshe Malam ya rarraba wa masallatai da makarantu kyauta, ya dawo gida yana murmushi kamar wanda ya ci riba. Ni kuwa raina ya yi ta suya. Ban iya ɓoye fushi ba, haka Allah ya yi ni. Na ce mashi, “Malam, wai lambu kake yi ko gidan rabon sadaka ka buɗe?” Ya ce, “Duka biyu. Zubo mani tuwo.”

Da na ga faɗa ba ya shigar shi, sai na buɗe mashi shafi a intanet. Na sa hotunan dashe, na sa lambar wayarsa, na rubuta cewa muna da mangwaro mai aure iri-iri. Na zauna jiran waya ta fara ƙara. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. In na shiga injin bincike na rubuta dashen mangwaro, sai shafukan wasu ƙasashe su cika mani ido, namu kuwa ko ƙyallinsa babu. Sai ka ce na kafa shago a tsakiyar daji.

Wata malamar jami'a da ke kawo mani aiki ce ta buɗe mani ido. Ta leƙa allon kwamfutata ta ce, “Hajiya, shafin nan naki talla kawai yake yi, ba ya amsa wa kowa komai. Mutum in ya ɗauki waya, tambaya yake rubutawa. Me ya sa ganyen mangwarona ke ƙonewa? Yaushe ake dasa gwaiba? Shi kuma injin yana neman shafin da ya rubuta tambayar kamar yadda mutum ya yi ta, ya sa amsa a ƙasanta. Ki yi shafi guda na tambayoyin da ake yawan yi. Da Hausa kuwa masu yin haka ba su da yawa, za ki samu fili.” Ta ƙara da cewa kada in ƙirƙiri tambaya daga kaina, in sa waɗanda mutane ke yi da gaske, kuma amsa ta fara zuwa kafin dogon bayani.

A ranar, da ƙyar na bari Malam ya wanke ƙafa. Na ɗauko waya na zauna gabansa na ce ya faɗa mani tambayar da masu zuwa lambu suka fi yi mashi. Ya yi kamar mai dogon nazari, sannan ya ce, “Ina gajiya.” Na ce, “Malam, don Allah ban son wasa.” Ya ce, “To ai ke kika ce wadda aka fi yi.”

Amma da ya fara, sai da na gaji da bugawa. Ashe duk tambayoyin suna cikin kansa. Shekara nawa mangwaro mai aure ke yi kafin ya yi 'ya'ya? Me ake yi wa gara? Rami zurfinsa ƙaƙa? Ana dashe da rani? Me ya sa fure ke zubewa? Kashin awaki ya fi ko na shanu? Wahalar ɗaya ce, Malam bai iya amsa kai tsaye ba. In na ce me ake yi wa gara, sai ya fara da wani mutumin Barkiya da ya dasa lemu kusa da suri, da yadda suka yi da matarsa, da sunan ɗansa da aka yi a makon. In ce, “Malam, injin nan ba ya jiran labari. Amsa tukuna.” Ya ce, “Inji marar tarbiyya ke nan.” Daga baya muka daidaita. Ya ba ni amsar a taƙaice, toka da dakakken ganyen darbejiya a gindi, kada a bar busasshen kara kusa, sannan in bar mashi layi biyu ko uku ya yi labarinsa a ƙasa.

Mun yi makonni a haka, bayan la'asar, yana cin abinci yana magana, ina bugawa da yatsa. Ban taɓa faɗa mashi ba, amma a duk zaman aurenmu ban taɓa jin daɗin hira irin ta kwanakin nan ba. Na zauna da mutumin nan shekaru, ban san cewa yana gane dashen da ke jin ƙishi daga yadda ganyensa ya sunkuya ba. Ban san yana yi wa kowane dashe bisimilla kafin ya sa wuƙa ba.

Wuri biyu muka yi rigima. Na farko, na rubuta “muna sayarwa, muna ba da shawara,” yadda na ga manyan shafuka na yi. Ya ce in goge. “Mu su wa? Kamfani gare ni? Ki rubuta ni. Wanda zai zo, ni zai tarar.” Na biyu kuwa a kan tambayar da kowa ke yi ne, wace iri ce za ta karɓi gonata? Malam ya ce in rubuta haka: “Ba zan iya sani daga nesa ba. Ka ɗebo ƙasar gonarka, ta sama daban ta ƙasa daban, ka zo da ita in murza in gani. Ba sai ka kira waya ba, kullum ina lambu in ba Juma'a ba. Ko ba ka sayi komai ba zan duba maka.” Na ajiye wayar na ce, “Haba Malam! Duniya fa za ta karanta wannan. Kowane kare da doki ya kwaso maka ƙasa ka zauna murza kyauta?” Ya ce, “Haka nake yi wa na kusa. Na nesa ba mutane ba ne?” Na buga ina ƙunƙuni.

Na ɗora shafin. Malamar ta ce sai an yi haƙuri, injin ba ya gaggawa. Wata ya wuce, wani ya bi shi. Malam ya samu abin tsokana. In ya dawo ya jingine babur, sai ya ce, “Ina labarin injin naki? Halan barci yake.” In ce, “Mai haƙuri shi ke dafa dutse.” Ya kwashe da dariya ya ce, “Ikon Allah, yau ke ce ke yi wa wani wa'azin haƙuri.”

Bai ga abin da injin ya yi ba. Wata rana ya dawo tun kafin azahar yana cewa kansa na sarawa, ya kwanta a tabarma cikin inuwa. Na je ɗebo mashi ruwa, na dawo na tarar bakinsa ya karkace, yana kallona yana son magana ta ƙi fita. Maƙwabta suka taimaka aka sa shi a mota. Likita ya ce jini ne ya hau. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Mutumin da bai iya amsa tambaya ba sai ya haɗa da labari, ya tafi bai ce mani ko kalma ɗaya ba.

Na shiga takaba. Mata suka cika gida, suka watse, aka bar ni da uwata da ta zo taya ni zama. Shago na bar shi, lambu kuwa yayan Malam, Alhaji, wanda ke zaune a Kurfi, ya damƙa wa wani maƙwabcin fadama ya riƙa ban ruwa kafin a yi maganar gado. Wayar Malam tana wurina. Ban kashe ta ba, ban kuma san dalili ba.

Ana cikin haka ta fara ƙara. Lambar da ban sani ba. Wani mutum daga Funtuwa, yana neman mai mangwaro, ya ce a intanet ya ga bayani a kan gara. Na ce Allah ya yi mashi rasuwa. Mutumin ya yi salati, ya yi mani gaisuwa, ya kashe. Kafin yamma wani ya kira daga Gusau. Washegari wata mata daga Maraɗi. Jikina ya ba ni. Na ɗauki wayata na rubuta, me ake yi wa gara a gindin mangwaro. Wallahi ga shi nan a sama, kafin kowa. Amsar Malam, da tokarsa da darbejiyarsa, har da mutumin Barkiya da surinsa. Na rubuta wata tambayar, nan ma shi ne. Na jefar da wayar a kan katifa na fashe da kuka har uwata ta shigo da gudu. Na ce, “Inna, injin ya farka. Sai yanzu ya ga damar farkawa!” Ita ba ta san inji ba, ta dai riƙe ni.

Daga nan wayar ba ta huta ba. Kowa ya kira sai ya ce ina Malam mai lambu, ni kuma in faɗi rasuwar da bakina, a yi mani sabuwar ta'aziyya. Kullum sai na binne shi sau da yawa. Na tsani ƙarar wayar nan, in ta fara sai in ce, “Kai, ku bar ni in ji da abin da ke damuna mana!” Amma sai in ɗauka. Kuma ban taɓa shafin ba. Gyaran ba wani aiki ba ne, daga inda nake zaune zan iya yin sa. Sai dai a shafin nan Malam yana raye. Yana cewa ni, yana cewa ina lambu, yana cewa ka zo in gani. In kewa ta taso mani sai in buɗe in karanta, in ji muryarsa har da yadda yake jan “to” kafin ya fara magana. Kayansa an raba wa 'yan'uwa, baburinsa Alhaji ya tafi da shi, lambu wani ke ciki. Wannan kaɗai ya rage mani, kuma da hannuna na buga shi.

Alhaji ya ji labari, domin maƙwabcin fadamar ya faɗa mashi ana ta zuwa neman Malam. Ya zo ya zauna a zaure, ni ina bayan labule. Bayan gaisuwa ya ce, “Ƙanwata, abin nan da kika sa a waya, ki cire shi. Ranar jana'iza mun tsaya mun ce duk wanda marigayi ya yi wa alkawari ya zo a sauke. An zo an sauke. To yanzu kuma kullum gari ya waye yana ɗaukar sabon alkawari, yana cewa mutane su zo su same shi. Alkawari kaya ne. Mamaci kuwa sauke mashi ake yi, ba a ƙara mashi.” Gaskiya ya faɗa, amma a ranar ba gaskiya nake son ji ba. Na ce, “Yaya, kun ɗauki babur ban ce komai ba. Kun ba da lambu ban ce komai ba. Wannan ba ya cikin gado, ku bar mani shi.” Alhaji mutum ne mai sanyi. Ya ce, “Allah ya ba ki haƙuri,” ya tashi ya tafi.

Ba a daɗe ba ya dawo, ranar kasuwar Dutsin-Ma, rana ta take. Wannan karon ba shi kaɗai ba ne. Ta gefen labule na hango wani dattijo, farin gemu, rigarsa ta yi jirwayen gumi, ya ajiye wani ƙaramin buhu a gabansa. Alhaji ya ce daga ƙasar Daura baƙon ya taso tun asuba. Ya sauka Kurfi, ya hau babur zuwa Birchi, ya tarar da wani a lambu, aka tura shi gidan Alhaji. Baƙon ya ce ba zai koma ba sai ya yi wa iyalin marigayi gaisuwa.

Dattijon ya yi gaisuwa mai tsawo, ya yi addu'a. Sannan ya ce, “Ɗiyata, jikata ce ke karanta mani bayanin maigidanki a wayarta. Ina da wani fegi bayan gida, na daɗe ina son in bar wa jikoki inuwa da abin tsinka. Sau biyu ina dasawa yana mutuwa. Da ta karanta mani inda ya ce a kawo ƙasa ya gani, kuma ba sai an kira ba, na ce wanga mutum ya san abin da yake yi.” Ya kwance bakin buhun. Leda biyu ne a ciki, ƙasar sama daban, ta ƙasa daban, yadda Malam ya ce. Har ya ɗaura wa ɗaya jan zare don kada ya rikice.

Alhaji ya ba shi haƙuri, ya ce maƙwabcin fadamar zai zaɓar mashi dashe ya tafi da shi. Dattijon ya ce a'a, ba dashe ya kawo shi ba, idon mai shi ya zo nema. Ya mayar da ledojin cikin buhu, ya ɗaure. Ya sha ruwan da uwata ta miƙa mashi. Da ya miƙe zai tafi, ya juyo wajen labulen ya ce, “Kada ki damu, ɗiyata. Ya ce in zo in same shi, na zo ban same shi ba. To ni na yafe mashi, duniya da lahira. Allah ya haskaka kabarinsa.”

Wai “na yafe mashi.” Wayyo Allah. Malam, wanda in ya ce maka gobe, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ka gan shi, yau shi ne baƙo daga Daura ke yafe wa saɓa alkawari. Da alheri dattijon ya faɗa, na sani, amma da ya mare ni da ya fi mani sauƙi. Na ji takunsu ya yi nisa, na zame na zauna a ƙasa.

Ko sallar la'asar ban jira ba. Na buɗe shafin. Bayanin gara da na rami da na taki duk na bar su, domin ko Alhaji ya ce wannan ilimi ne, ladarsa na isa ga mai shi. Na gangara zuwa amsar ƙasa. Na karanta ta, na sake karantawa, sannan na sa yatsa na fara gogewa daga ƙarshe. Ina kallon kalmomin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Zan duba maka. Kullum ina lambu. In murza in gani. Na goge duk inda ya ce a zo, duk inda ya ce zai je. A can sama, kafin kowace tambaya, na rubuta wadda aka fi yi mani a watannin nan: Malam mai lambu yana nan? Na sa amsa a ƙasanta, a taƙaice, ba labari: Allah ya yi mashi rasuwa. Kada kowa ya taso. A sa shi cikin addu'a.

Injin bai ɗauki gyaran nan take ba. Na 'yan kwanaki, in na yi bincike, tsohuwar amsar ce ke fitowa a ƙarƙashin sunan shafin, kuma ba zan ɓoye ba, kowace safiya sai na duba ko tana nan. Wata safiya na duba na tarar da tawa. Shafin bai sauka ba, har yau shi ne a sama, mutane na karantawa suna samun abin da suke nema. Malamar ta yi gaskiya da ta ce amsa ta fara zuwa, domin in ta fito fili ba a sake tambaya.

Kira ya fara raguwa, sannan ya tsaya cak. Tun daga lokacin ba wanda ya sake kira ya ce ina Malam. Na fita takaba, na koma shago, ina buga takardun ɗalibai kamar da. Wayarsa tana cikin jakata, kullum sai na sa mata caji. Wani lokaci ina tsakiyar aiki sai in ciro ta in duba, in ce ko sabis ne ya ɗauke. Sabis a cike yake.